Akori-kurar da ke tafasa a cikin gari amma take hucewa a hanyar Mirriya

"Assalamu alaikum Baba. Ni mai walda ne a unguwar Zango, nan Damagaram. Na gaji wata tsohuwar akori-kura Peugeot 404 daga wurin kakana, ta yi shekaru a ajiye, na kwashe fiye da shekara ina tada ta da hannuna. Injinta na asali ya mutu, sai na sa mata injin Toyota 22R na Hilux. Da yake wuri ya yi kaɗan, na cire fankar inji na ɗaura ta lantarki a gaban lagireto, lagireton kuwa nata ne na asali da na kai aka wanke. Wani makanike ya cire tamostat, ya ce ƙasarmu ba ta buƙatarsa. Ruwan famfo nake zuba mata. In na hau hanyar Mirriya allurar zafi tana tsayawa a tsakiya, amma da na shigo gari, musamman ranar Alhamis wajen kasuwar Dole, kafin minti goma ta hau ja, ruwa ya fara tsartuwa. Wasu sun ce in sayo babban lagireto daga Kano, wasu sun ce gasket ne ya ƙone. Wace shawara za ku ba ni?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa hannunka albarka, domin tada motar da ta girme ka ba ƙaramin aiki ba ne. In na fahimce ka daidai, tambayarka ita ce: me ya sa mota ɗaya, da inji ɗaya, da ruwa ɗaya, take zama lafiya lau a kan gudu amma ta tafasa a tsaye, kuma a cikin shawarwarin da aka ba ka wacce ta cancanci kuɗinka. Kafin in shiga bayani, bari in faɗa maka inda zuciyata ta karkata: ka riga ka ba da rabin amsar a cikin wasiƙarka ba tare da ka lura ba. Motar da ke hucewa a kan hanya ta yi zafi a cikin cunkoso, a mafi yawan lokuta iska ce ta yi mata kaɗan, ba ruwa ba. Saboda haka kada ka aika kuɗi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano tukuna, kuma kada ka bari kowa ya kwance kan injin nan domin canza gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangarsa, sai an gwada abubuwan da zan lissafa maka.

Inda zafin yake fitowa

Duk man da inji ya ƙona, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake zama ƙarfin da ke juya ƙafafu. Kusan kashi ɗaya yana fita ta salansa, ragowar kashin kuma ruwa ne yake ɗauke shi daga jikin silinda da kan inji ya kai wa lagireto, lagireto ya miƙa wa iska. Injin 404 na asali lita 1.6 ne, 22R kuwa lita 2.4, wato ya fi shi girma da kusan rabi, kuma gwargwadon man da yake sha gwargwadon zafin da yake zubarwa. Ka ɗora wa lagireton da aka ƙera domin ƙaramin inji kayan babba. Sannan lagireto ba ya sanyaya ruwa da ƙarfin kansa, yana aiki ne da bambancin da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iskar da ke ratsa shi. In ruwa yana digiri 90 iska tana 25, kamar yadda take a Faransa inda aka zana motar, bambancin 65 ne. In ruwa yana 90 iska tana 42, kamar azahar ɗin watan Afrilu a Damagaram, bambancin 48 ne kacal, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin lagireton ya tafi tun ba a tada inji ba. Wannan lissafin shi ya sa motar da ta yi Disamba da Janairu ba ta yi gardama ba take fara tafasa da bazara ta kama.

Abin da ka yi yana da tarihi, ko da yake ba a nan ya faro ba. Tun shekarun 1930 samarin Kalifoniya a Amurka suke ɗaukar tsofaffin motoci su rage musu nauyi su cusa musu manyan injuna, suna kiransu "hot rod", kuma injin da suka fi so a farko, V8 ɗin, wato mai silinda takwas, da Ford ya fitar a 1932, ya yi ƙaurin suna wajen zafi saboda hanyoyin hayaƙinsa suna ratsa cikin gangar injin kafin su fita, duk da famfunan ruwa biyu da yake da su. Na kawo wannan ne domin ka san cewa duk wanda ya sa babban inji a ƙaramin gida sai ya yi wannan yaƙin, ba gazawarka ba ce.

Fara da tabbatar da cewa agogon ba ƙarya yake yi ba

A motar da aka haɗa da hannu, sau da yawa agogon zafi na wata mota ne, abin da ke jin zafin a jikin inji kuma na wata, kuma ba lalle harshensu ya zo ɗaya ba. Agogon Peugeot da abin jin zafi na Toyota suna iya nuna ja alhali ruwa yana 90, ko su nuna tsakiya alhali yana dab da tafasa. Kai da yake ruwa yana tsartuwa, na yarda akwai zafi na gaske, amma "tsakiya" ɗin da kake gani a hanyar Mirriya ban yarda da ita ba sai an auna. Nemi bindigar auna zafi ta makanikai, ba irin wadda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi lokacin korona ba, domin waccan iyakarta digiri arba'in da ƴan kai. Ka auna a wuyan da tiyon sama yake fitowa daga inji, ka auna tiyon ƙasa inda ruwa yake komawa, sau ɗaya bayan ka yi gudu a kan hanya, sau ɗaya bayan ta yi minti goma a silo, wato inji yana aiki motar tana tsaye. Ruwa tsakanin 85 da 95 ba ciwo ba ne, nan inji yake son zama. A aikina, in na ga sama da ƙasa duk sun yi zafi kuma tazararsu ƴar kaɗan ce, na san ruwa yana zagayawa amma iska ba ta ɗauke zafin. In kuwa sama tana ƙuna ƙasa tana da sanyi sosai, tazarar ta kai digiri ashirin ko fiye, to ruwan ne ba ya gudu, sai in koma kan famfo da toshewar bututu.

Fankar nan da ka ɗaura a gaba

Nan ne gizo yake saƙar, a ganina. A kan hanya, gudun motar da kansa yake tura iska ta cikin saƙar lagireto, fanka kusan ƴar rakiya ce. A cikin kasuwar Dole kuwa, inda kake bin bayan amalanke da ƴan kabu-kabu kana taka birki kowane taku biyar, babu iskar da ke shiga sai wadda fanka ta kawo. Tunda can lafiya nan ciwo, fankar ce ta gaza, kuma tana iya gazawa ta hanyoyi da dama.

Tambaya ta farko ita ce ina take hura iskar. Yawancin fankokin lantarki da ake samu a wurin masu kayan gwanjo an cire su ne daga bayan lagireto, aikinsu jawo iska zuwa wajen inji. In ka ɗauko irin wannan ka juya ta ka ɗaura a gaba ba tare da ka sauya komai ba, za ta riƙa zuƙo iskar inji mai zafi tana fitar da ita gaba. A tsaye tana wanke lagireto da iska mai zafi, a tafiyar hawainiya kuma tana kokawa da iskar da ke shigowa har su kashe juna, sai a babban gudu ne iskar hanya take rinjayarta. Wannan ya yi daidai da abin da ka bayyana har ya ba ni tsoro. Shekarun baya an kawo mini wata tsohuwar Land Rover mai irin wannan hali, mai ita ya riga ya canza famfon ruwa da gasket, ya kai lagireto wanki sau biyu. Ina tsaye a gabanta ina sauraron labarinsa, sai na lura gefen rigata yana kaɗawa yana nisantar motar maimakon ya manne mata. Na yago takardar buhun siminti na saka a gaban ragar, ta tashi sama ta faɗi a ƙafata. Gyaran bai ɗauki rabin awa ba. Kai ma ka yi haka gobe da safe: ka kunna fanka, ka sa takarda a gaban motar. In ta manne, iska tana tafiya daidai. In ta gudu, ka gano ɓarawon. Sai dai ka sani, musanya wayoyi biyu yana juya fankar baya, amma fukafukanta a lanƙwashe suke domin gefe ɗaya, saboda haka in ba a juya su ma ba, iskar da za ta bayar ba za ta kai ta da ba.

Ko da tana hurawa daidai, fankar gaba ba ta kai ta baya aiki, domin jikinta da motarta suna tare wani sashe na fuskar lagireto, kuma iskar da take turawa tana tarwatsewa ta gefe. Fankar baya mai gida, wato kwanon da ke rufe dukan bayan lagireto ya bar rami ɗaya daidai faɗin fukafukai, ita ce take tilasta wa iska ta ratsa kowane lungu na saƙar. Fankar da ba ta da gida da'irar da ke gabanta kawai take sanyayawa, kusurwoyi huɗu suna zaman banza. Kai mai walda ne, wannan gidan aikin yini ɗaya ne a wurinka da falle ɗaya na kwano. In za ka iya matsar da lagireton gaba da ƴan santimita ta hanyar sake masa mazauni, har fankar inji ta asali ta samu wurin komawa, wannan shi ne zaɓina na farko, domin fankar 22R tana jan iska fiye da yawancin ƙananan fankokin lantarki. A irin wannan haɗin, fukafukan su kasance rabi a cikin bakin gidan rabi a waje, kuma ka bar tazarar kamar yatsa ɗaya zuwa biyu a kewaye saboda inji yana girgiza a kan mazauninsa. In wuri ya ƙi, sai ka nemi siririyar fankar lantarki mai ƙarfi ka sa ta a baya da gidanta, ta gaban ta zama mataimakiya.

Sai maganar wuta. Fanka mai ƙarfi tana jan amfiya goma sha biyar zuwa ashirin da wani abu, kuma na sha ganin an ja mata siririyar waya daga makunni kai tsaye, wayar tana ɗumi fankar tana juyawa kamar mai jin barci. A ba ta waya mai kauri daga batir, da rile, wato makunnin da ke ɗaukar wuta mai ƙarfi, da fis nata, a kuma duba cewa caja mai cika batir tana ba da wuta isasshiya a silo, domin a daidai lokacin da ka fi buƙatar fanka a lokacin ne caja take juyawa a hankali.

Akwai kuma abin da masu haɗa mota suke mantawa da shi kusan kullum, wato ramukan da ke kewaye da lagireto. Iska ragguwa ce, inda ya fi sauƙi take bi. In akwai sarari tsakanin lagireto da jikin mota ta gefe ko ta sama, iskar da ta fito da zafi daga baya tana zagayowa ta sake shiga ta gaba, motar ta riƙa shaƙar numfashinta. Ka toshe waɗannan ramukan da kwano ko da robar tsohon tiyub. Ka kuma tabbata iskar da ta shiga tana da mafita, domin babban inji ya cika ɗakin da ƙaramin ya bar sarari. Gwaji mai sauƙi shi ne ka bar ta a silo har allura ta fara hawa, sannan ka ɗaga murfin inji. In ta sauko a fili, zafi yana taruwa a ciki ne, sai ka yanka ƴan tagogi a bayan murfin ko a gefen ɗakin injin. Daga ƙarshe ka haska tocila ta bayan saƙar da dare ka leƙa ta gaba. Ƙurar hunturu da ƙarangiya da fara da fentin da aka fesa da kauri suna toshe ta, kuma wankin da aka yi mata na ciki ne, ba lalle an kula da waje ba. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, kada a lanƙwasa ganyen.

Tamostat, murfi da ruwa

Makaniken da ya cire maka tamostat ya bi al'adar da ta game garejojinmu, kuma ban yarda da ita ba. Tamostat ƙofa ce da take rufe har ruwa ya kai zafin da aka rubuta a jikinta, digiri 82 ko 88, sannan ta buɗe. Da zarar ta buɗe ta gama nata, ba ita take sa ruwa ya kai 110 ba, sai fa in ta maƙale a rufe, wannan kuwa maganinsa sabuwa. Cire ta yana jinkirta tafasar ne da ƴan mintuna kawai, ga shi kai ma ka gani da idonka. Abin da ake asara kuma yana da yawa: ƴar matsewar da take yi tana ƙara matsin ruwa a cikin kan inji, wanda yake hana ruwa tafasa a wuraren da suka fi zafi kusa da bawul ɗin hayaƙi, kuma a injuna da yawa ita ce take rufe gajeriyar hanyar da ruwa yake bi ya koma inji bai je lagireto ba. Da sanyin safiyar hunturu kuwa injin da ba shi da ita yakan daɗe bai yi ɗumi ba, ya sha mai, ya ci jikinsa. Ka sayi ta 82, kafin ka ɗaura ka jefa ta a tukunyar ruwa a kan wuta ka ga ta buɗe kafin ruwan ya tafasa, domin jabu sun yi yawa a kasuwa.

Murfin lagireto shi ne abu mafi araha a cikin duka, kuma shi aka fi rainawa. A Damagaram ruwa a buɗe yana tafasa ƙasa kaɗan da digiri 100, saboda garin yana sama da teku da mita ɗari huɗu da wani abu. Murfi mai lafiya na bar 0.9, wato ma'aunin matsin da yake riƙewa, yana ɗaga wannan iyaka zuwa wajen 117 ko 118. Murfin da robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki yana barin ruwa ya tsere tun inji bai yi zafin a zo a gani ba, ruwa ya ragu, sannan zafin gaske ya biyo baya. In murfin kakanka ne har yanzu a kai, canza shi. Amma kada ka zarce ka sa mai ƙarfi sosai a kan tsohon lagireton tagulla, domin dalmar da ta riƙe shi ta tsufa, sai ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Ka haɗa masa gorar rara da tiyonta nutse a cikin ruwa, domin abin da ya fita da zafi ya dawo in ta huce.

Ruwan famfo da na rijiya suna barin farin dutse a cikin bututu, irin wanda kake gani a gindin butar shayi, kuma suna sa gangar inji tsatsa. Injin 22R gangarsa ƙarfe ce, kansa alminiyam, famfonsa ma haka, kuma ruwa tsura yana cin irin wannan haɗin. Ruwa zalla ya fi maganin lagireto ɗaukar zafi, wannan gaskiya ne, kuma mu ba mu da ƙanƙarar da za mu ji tsoro, saboda haka ba dole sai rabi da rabi ba. Ni nakan haɗa kashi ɗaya na maganin mai kauri da kashi biyu na ruwa mai tsabta, ko dai tataccen ruwan batir wanda ba shi da asid, ko wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, ko ruwan sama da aka tace. In wanda aka riga aka gauraya ka saya, kada ka ƙara masa ruwa. Ina kuma roƙonka kada ka bari a zuba kanwa ko garin sabulu da sunan wanki, domin kanwa tana cin alminiyam, haka kuma barkono da ƙwai da ake toshe yoyo da su, ba su san bambancin rami da bututu ba.

Wani abu da ya keɓanta da haɗinka

Peugeot sun kwantar da injin 404 gefe guda da digiri 45 domin murfin motar ya yi ƙasa, 22R kuwa a tsaye yake. Ke nan akwai yiwuwar bakin lagiretonka ya fi wuyan ruwan inji ƙasa, kuma in haka ne, ko ka cika shi har baki akwai iskar da ta maƙale a saman kan inji, inda ya fi ko'ina zafi. Ka ɗora ma'aunin magina ka gani. In bakin yana ƙasa, ka hau da gaban motar kan tudu lokacin cikawa, ka bar ta tana aiki murfi a buɗe tun tana da sanyi har tamostat ta buɗe kumfa ya ƙare, amma magani mai ɗorewa shi ne ƙaramin tanki mai murfin matsi da za ka ɗaura a wuri mafi tsayi a ɗakin injin. Ka duba tiyon ƙasa ma, musamman in haɗe-haɗe ne daga motoci daban-daban: kada ya kasance da lanƙwasa mai tsanani, kuma ya zama mai waya a ciki domin kada famfo ya tsotse shi ya shafe.

Saitin wuta ma yana da hannu. In dilko, wato mai raba wa buji wuta a kan lokaci, ya yi latti, man yana ƙarasa ƙonewa ne a lokacin da bawul ɗin hayaƙi ya kusa buɗewa, zafin ya tafi cikin kan inji da ruwa maimakon ya tura fistan, kuma an fi jin wannan a silo. A haɗa inji sau da yawa ana barin ƙananan tiyoyin iska na dilko da kafireto a sake ko a toshe su da ƙusa. A saita da fitilar saiti bisa adadin da aka rubuta wa injin, ba da kunne ba. Ka kwance buji ka duba: launin ƙasa-ƙasa lafiya ne, fari fat yana nuna mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa, wannan ma yana ƙara zafi.

Gasket da babban lagireto

Masu cewa gasket ne ba su yi maganar banza ba, domin kan alminiyam yana lanƙwashewa in ya sha tafasa sau da yawa, kuma motarka ta sha. Sai dai gasket da ya ƙone yakan fi nuna kansa a kan gudu da kaya, lokacin da matsi ya yi yawa a silinda, ba a tsaye ba. Ana gane shi ba tare da kwance komai ba. Da safe inji da sanyi ka buɗe murfi, ka cika ruwa, ka tada: in kumfa yana ta fitowa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu, hayaƙi yana shiga ruwa. Farin hayaƙi da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, da ruwan da ke raguwa ba a ga inda yake zuba ba, da buji ɗaya da ya fi sauran tsabta, duk shaidu ne. Akwai kuma ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, ya koma rawaya in akwai hayaƙi. In ka ga baƙin mai ya zama kamar koko, kada ka yanke hukunci nan take, domin 22R yana da wani hali: in robar da ke riƙe sarƙar taimin ta karye, sarƙar tana goga murfin gaba har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya gauraya da mai alhali gasket lafiyarsa ƙalau. Alamar ita ce ƙarar sarƙa a gaban inji lokacin tayarwa.

Babban lagireto kuwa, mai yiwuwa a ƙarshe ka buƙace shi, kuma ba zan ɓoye maka ba. Mirriya kusa ce, hanyar kuma ba ta tambayar mota komai in babu kaya a kanta. Ranar da ka loda buhunan gero ka nufi Tanut da azahar a watan Mayu, lagireton 404 zai iya kai iyakarsa ko da iska ta wadata. Amma in ka sa sabo yau a bayan wannan fankar, ranar Alhamis za ka sake tafasa a wuri ɗaya. In lokacin saye ya yi, faɗin fuska ya fi kauri amfani, domin layukan baya na lagireto mai kauri iskar da ta riga ta yi zafi suke samu, kuma fanka tana shan wuya wajen jan iska ta cikinsa. Na Hilux ɗin da injin ya fito daga cikinta shi ne ma'auni, in zai shiga ko da da ɗan yanka.

Ban ga motar ba, ban ji ƙararta ba, kuma tsagewar kan inji ko famfon da fukafukansa suka cinye ba a gane su ta wasiƙa. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne jerin aikin. Gwajin takarda da gwajin kumfa ka yi su gobe, ba su cin ko dala. Daga nan murfi da tamostat da ruwa mai kyau, sannan gidan fanka da toshe ramuka, sannan saitin wuta, kuma ka riƙa yin abu ɗaya kana gwadawa kafin ka yi na gaba, domin ka san wanda ya yi aiki. Kafin ka gama, ka guji kasuwa da rana tsaka, kuma in allura ta hau ja ka tsaya ka kashe inji, ka bar fanka tana juyawa, kada ka taɓa murfin sai tiyon sama ya yi laushi ka iya riƙe shi da hannu, kada kuma ka zuba ruwan sanyi a kan inji mai zafi. In ka yi duk wannan tana nan a kan halinta, ka rubuto mini da zafin tiyon sama da na ƙasa a silo da kuma bayan gudu, tare da faɗi da tsayin saƙar lagireton a santimita, daga nan sai mu yi maganar abin da za a sayo daga Kano.